Eka 580 da eka 107, wanne ne babba? Abin da ƙafata ta auno a wuraren wasan Orlando

Tun da muka dawo daga Orlando, garin nan na jihar Florida mai wuraren wasan kamfanin Disney, ƙarshen watan Nuwamba 'yan uwa ke ta tambayata, wasu a waya wasu in mun haɗu bayan sallar Juma'a, wai malam wanne ya fi girma a wuraren wasan nan, wanne za mu kai yara in kwana biyu ko uku kawai muke da shi, kuma wai da gaske ne an faɗaɗa su kamar yadda ake ta faɗa. To ni dai zuwana uku kenan, na farko 2015 lokacin babbar 'yarmu tana shekara 6, sai Disamban 2019, sai wannan na 2025 da muka je mu bakwai har da ƙanin uwargida da ya zo karatu nan Amurka, kuma duk zuwan da kuɗin aljihuna na je ba wanda ya ɗau nauyina, don haka abin da idona ya gani shi zan faɗa.

A mota musun ya fara. Ƙanin nata yana kujerar baya riƙe da waya ya ce "Yaya, ai Animal Kingdom ya kamata mu ba kwana biyu, eka 580 ne fa, Magic Kingdom ɗin da kake ta yabo 107 ne kacal." Kuma bai yi ƙarya ba, haka lissafin yake a rubuce. Na ce masa to bari mu je tukuna, gani ya kori ji.

Ga wanda eka ba ta zauna masa a kai ba, eka ɗaya ta kai fuloti 8 da ɗoriya irin namu na ƙafa 50 da 100. Ko kuma ka ɗauki filin ƙwallo, Magic Kingdom zai ci kamar fili 60, Animal Kingdom kuwa ya haura 300. In ka ji haka sai ka ɗauka ɗaya unguwa ce ɗaya gari guda. Amma duk wanda ya taɓa sayen fili a gida ya san akwai abin da ke cikin takarda akwai kuma wanda za ka iya ɗora bulo a kai, wani ɓangaren kwazazzabo ne, wani hanya ta cinye, wani fadama ce da ruwa ke kwanciya. To wuraren nan ma haka suke.

Asalin maganar girma a Florida daga shi Walt Disney, wanda ya kafa kamfanin, ta samo. Wurinsa na farko, Disneyland da ke Kalifoniya, ya buɗe a 1955 a kan eka 160 na gonar lemu, kafin ya ankara otal-otal da shaguna sun zagaye shi ba wajen motsi. Abin ya dame shi sosai, shi yasa da zai sayi ƙasa a Florida wajen 1964 zuwa 1965 sai ya bi ta hannun ƙananan kamfanoni masu sunaye daban-daban don kar masu ƙasa su gane waye mai sayen su tsauwala kuɗi, ya haɗa sama da eka 27,000 a kan kusan dala miliyan 5. Bai ga buɗewar ba, ya rasu Disamban 1966, yayansa Roy ne ya ƙarasa aikin aka buɗe Magic Kingdom ranar 1 ga Oktoba 1971. Don haka su ƙasa ba ta taɓa zama matsalarsu ba, har gobe yawancinta daji ne da tafkuna da tituna. Abin tambaya shi ne nawa ne a ciki tikitinka ke ba ka damar takawa.

Animal Kingdom muka fara zuwa don ƙanin nan ya ga abin da yake so. Gaskiya wuri ne mai kyau, ni a cikin wurare huɗun na Disney, wato shi da Magic Kingdom da Epcot da Hollywood Studios, shi ya fi kwanta min a rai, inuwa ko'ina, itatuwa sun rufe sama, kana shiga za ka hangi katuwar bishiyar nan ta siminti mai tsawon ƙafa 145 da aka sassaƙa siffofin dabbobi a jikinta. An buɗe shi 22 ga Afrilun 1998. Ɓangaren Afirka an gina shi kamar wani garin bakin teku na gabashin Afirka, bango ya tsufa da gangan, rubutun Suwahili a jikin shaguna, masu kiɗa da ganguna a tsakar gari, uwargida ta tsaya ta daɗe tana kallo ta ce "Abban su, wannan ai kamar ka juya kwana ka ga mai shayi." Daga nan ake hawa motar kallon namun daji, wata babbar a-kori-kura mai kujeru buɗaɗɗiya, kuma a nan lissafin ƙanin nawa ya fara warwarewa, domin dajin da motar ke ratsawa shi kaɗai eka 110 ne, wato ya fi Magic Kingdom gaba ɗayansa, amma ba ka taka ko taku ɗaya a ciki, minti 20 ne kana zaune an zagaya da kai an sauke ka.

Minti 20 ɗin fa sun biya kuɗinsu. Wani raƙumin dawa ya tsaya a tsakiyar hanya direba ya kashe mota muka jira shi, ya matso kusa har autanmu ya ga gashin idonsa da baƙin harshensa yana fizgar ganye, yaron ya riƙe rigata gam bai ce uffan ba sai da muka wuce sannan ya ce "Abba, ya kalle ni." Mun ga giwaye, dorina a ruwa, karkanda, jakin dawa, zaki kwance kan dutse. Bishiyar kukar da ke ciki da surin gara na siminti ne, wanda ya tashi yana shan miyar kuka zai gane in ya ƙura ido, amma aikin ya yi kyau. Wanda ya taɓa zuwa Yankari ya san bambancin, can sai ka yini kana neman giwa ko ka gani ko kar ka gani, nan kuwa an tsara dajin yadda dabbar ba za ta yi nisa da idonka ba.

To ka cire eka 110 ɗin nan, ka cire garken da dabbobi ke kwana da asibitinsu da wajen haɗa musu abinci, waɗanda za ka hango wasu in ka hau ɗan jirgin ƙasan da ke zuwa bayan wurin, ka cire dajin da aka bari ya raba dabbobin da hayaniyar titi, abin da ya rage na takawa ba wani mai yawa ba ne. Kafin la'asar mun hau duk abin da muke so mun ga wasanni biyu. Kuma da wuri suke rufewa, ba sa wasan wuta da dare saboda dabbobin, ko balan-balan ba a shiga da shi. Yini ɗaya ya isa, har da hutawa.

Washegari Magic Kingdom. Nan tun kafin ka shiga ka fara aiki, domin wajen fakin ɗinsa da ke ɗaukar mota sama da 12,000 yana ƙetaren tafki, sai ka hau jirgin ruwa ko jirgin nan mai tafiya kan dogo ɗaya a sama kafin ka isa ƙofa, ku saka wannan a lissafin lokacinku musamman da dare in kowa ya fito lokaci guda. Ciki kuwa eka 107 ɗin nan kusan ba inda aka bari a banza, ka fito daga wannan layin ƙofar wancan na kallonka, har ma'aikata da kayan shaguna da shara ta ƙarƙashin ƙasa suke bi, don akwai wasu dogayen hanyoyi da aka ɗora ginin wurin a kansu, kai da kake yawo a bene kake ba ka sani ba. Mun shiga da sanyin safiya muka fito bayan wasan wuta, wayata ta nuna na yi taku fiye da na jiya nesa ba kusa ba, kuma ko kusa ba mu gama ba. Ƙanin uwargida a jirgin ruwan komawa ya cire takalmi yana murza ƙafa ya ce "Yaya, wallahi wannan ya fi wancan girma." Na ce a'a, wancan ya fi girma, wannan ya fi cika.

Jama'a ma sun nuna hakan da ƙafarsu, a 2023 mutum sama da miliyan 17 suka shiga Magic Kingdom, Animal Kingdom bai kai miliyan 9 ba. Ka ga ƙaramin ne ke ɗaukar ninki biyu na babban, shi yasa cunkoson ya fi tsanani a can, kuma shi yasa maganar faɗaɗawa ta fi zafi a kansa.

Epcot kuma nasa salon daban, an ce eka 305, amma tafkin tsakiya kaɗai ya ci eka 40, kuma hanyar da ta zagaye tafkin ta kusa kilomita 2. Shi ne wurin da ya fi gajiyar da ni, ba don yawan abin hawa ba sai don nisan da ke tsakaninsu. In kana da tsoho ko mai ciki ko ƙananan yara ka nemi keke tun daga ƙofa kar ka ce sai an gaji. Ƙasashe 11 aka jera a bakin tafkin kowace da gininta da abincinta, kuma wadda na fi daɗewa a ciki Maroko ce, an buɗe ta 1984, Sarki Hassan na biyu ne ya turo magina daga ƙasarsa suka yi aikin ado da hannu, hasumiyar kwaikwayon ta masallacin Kutubiyya ce da ke Marrakesh. Akwai wani tsakar gida a ciki mai tayil ƙanana shuɗi da kore da fari an jera su ɗaya bayan ɗaya, ba hoton mutum ba na dabba, sanyi da shiru, na zauna a gefen na kai rabin awa ina bin zanen da ido. Ita kaɗai ce ƙasar Afirka a wajen. An taɓa shirin gina ɓangaren Afirka ta tsakiya tun farkon buɗewa a 1982 ba a yi ba, inda aka ware masa tsakanin Sin da Jamus yanzu 'yan rumfuna ne da ganguna. Kuma tun da aka ƙara Norway a 1988 ba a sake ƙara ko ƙasa ɗaya ba, ga filayen nan a tsakanin gine-ginen itatuwa sun rufe su. Duk suna cikin eka 305 ɗin.

Yanzu maganar faɗaɗawa, wadda ita ce ainihin abin da ya sa na zauna rubutun nan. A gidanmu na gado akwai wani kango a baya, da yayanmu zai yi aure aka fasa katanga aka shigar da kangon aka gina masa ɗaki biyu, kowa ya ce an faɗaɗa gida, kuma haka ne. Daga baya aka rushe ɗakin kakarmu na ƙasa bayan rasuwarta aka tayar da na bulo a gurbinsa, ya fi na da kyau da ƙarfi, amma ba wanda ya ce an faɗaɗa gida, cewa aka yi an sake gini. Ni da wannan ma'aunin nake kallon wuraren nan. Tambaya biyu ce. Shin inda aka yi sabon abin da can baƙo yana iya shiga ko ba ya iya? Sannan abin da ke wajen da, yana nan ko ya tafi?

Da wannan ma'aunin abin hawan nan TRON faɗaɗawa ce ta gaskiya. An buɗe shi Afrilun 2023 a Magic Kingdom, an gina shi a bayan dogon jirgin ƙasan da ya kewaye wurin, inda da ba kowa sai ciyawa da ruwa, sai da jirgin ya yi shekara 4 a tsaye aka yi masa rami ya bi ta ƙarƙashin ginin, kuma Space Mountain da ke gefensa yana nan daram. Kana hawa kamar babur ka kwanta a kai ya fizge ka, gajere ne, da na so a ce ya fi haka tsawo, amma ƙari ne tsantsa. Haka abin hawan ɓeran nan mai girki da aka ƙara a bayan ɓangaren Faransa a Epcot a 2021, sabon titi aka buɗe ta bayan ginin ba a taɓa na gaba ba. Haka abin hawan dutsen Everest a Animal Kingdom a 2006. Pandora ma, unguwar da aka ƙara a Animal Kingdom ɗin a 2017 mai eka 12, ina saka ta a nan, duk da cewa akwai wani ɗan ɓangare a wajen da aka rushe, domin babban wasan da ke cikinsa ba a kashe shi ba, sabon zaure aka gina masa a ɓangaren Afirka aka mayar da shi, sannan aka samu abin hawa biyu sababbi. Ba a rasa komai na kirki ba an samu ƙari.

Sai ɗaya ɓangaren. Splash Mountain, abin hawan kwale-kwale na Magic Kingdom da aka rufe farkon 2023 aka sake buɗewa Yunin 2024 da sunan Tiana's Bayou Adventure, dutsen shi ne, hanyar ruwan ita ce, kwale-kwalen su ne, gangarowar ƙafa 50 ɗin nan da ke jiƙa mutum ita ce. Labari da waƙa da 'yan tsana aka canja. Yarana mata sun so shi sosai sun hau sau biyu, ni ma ban ga aibunsa ba, amma sabuwar riga ce, bai ƙara wa wurin ko mutum ɗaya da zai ɗauka ba.

Hollywood Studios shi ne ya fi rikita lissafi, kuma na ga kafin da bayan da idona. A 2015 akwai wasu tituna da aka yi kamar na New York, akwai wani filin wasan motoci mai kujera 5,000 inda direbobi ke tsalle da mota ta cikin wuta, muna zaune a inuwa 'yata tana toshe kunne tana dariya. 2016 aka rufe su. Da muka koma 2019 sai ga Galaxy's Edge, ɓangaren fim ɗin Star Wars, mai eka 14 a wajen, ga Toy Story Land mai eka 11 da aka buɗe 2018 a bayansa. In ka tambaye ni wanne ya fi, na yanzu ya fi, ba ma a haɗawa, babban abin hawan da ke Galaxy's Edge har yau ban hau abin da ya kai shi tsari ba, kana cikin layi ba ka san an riga an fara ba. To amma eka 25 ɗin nan ba daga daji aka yanko su duka ba, yawanci tsohon wuri ne da bayan fage aka share, wurin yana nan wajen eka 135. Kuma filin da ke kwashe mutum 5,000 daga kan titi lokaci guda ya zaunar da su ya tafi, abin da ya maye gurbinsa layi ake bi. Shi yasa wurin ya fi da daɗi kuma ya fi da matsi, duka biyun gaskiya ne. Ba ina cewa an sayar da kare an sayi biri ba ne, a'a, abin kirki aka samu, sunan da za a kira shi ne nake magana a kai.

Abin da ya fi taɓa ni a wannan zuwan yana Magic Kingdom. Da akwai wani kogi da aka haƙa ya zagaye wani tsibiri, Tom Sawyer Island, da wani farin jirgin ruwa mai hawa uku da ke kewayawa yana busa. A 2015 da rana ta take, hayaniya ta ishe mu, muka hau ɗan jirgin fito na katako muka ƙetara. Can ba layi ba tikiti ba kiɗa, kogo ne da gadar ganguna mai lilo da wata ganuwar katako, sai kujeru masu jijjiga a wata baranda da ke kallon ruwa. Uwargida ta zauna tana ba jariri nono a lulluɓe ba mai kallonta, ni na samu wani lungu ƙarƙashin itace na shimfiɗa ɗan abin sallata na haɗa azahar da la'asar, 'yata tana ta gudu a gadar nan tana dawowa. Awa ɗaya muka yi muka dawo da ƙarfinmu. A 2019 ma sai da muka koma. Watan Yulin 2025 aka rufe kogin da tsibirin da jirgin, da muka je katanga ce ta allo doguwa, ta sama kana hango kan katafila da tarin ƙasa. Babbar 'yar tawa, yanzu shekararta 16, ta tsaya a jikin katangar ta ce "Abba, a nan ne ko?" Na ce a nan ne.

Abin da za a gina a wajen ɓangaren motocin katun ne mai abin hawa biyu, sannan can bayan dutsen abin hawan nan Big Thunder Mountain za a yi wani ɓangaren na miyagun cikin tatsuniyoyinsu, an sanar da su Agustan 2024 aka ce shi ne faɗaɗawa mafi girma a tarihin wurin. Ni a nawa ma'aunin abu biyu ne aka haɗa a suna ɗaya. Na bayan dutsen, wanda zai ci sabuwar ƙasa, faɗaɗawa ce ba musu. Na kan kogin musanya ce. Na san hujjar masu goyon baya kuma ba hujjar banza ba ce, sun ce mutum nawa ne ke ƙetarawa tsibirin a yini, fili mai tsada a tsakiyar wurin wasan da ya fi kowanne samun baƙi a duniya yana zaune ba ya ɗaukar jama'a, in an cike ruwan dubbai za su amfana maimakon ɗaruruwa. Har ma in ka bi tambayata ta farko za ka iya cewa ai ruwa ba a taka shi, cike shi ƙarin wajen takawa ne. Na yarda da wannan rabin. Amma rashin jama'ar nan shi ne amfanin wajen, kuma ruwan ko ba ka hau shi ba yana buɗe maka ido ka hangi nesa ka ji iska, wanda duk ya yini da yara huɗu a cikin mutum dubbai ya san darajar wannan. Kamfanin da ya ce a 2023 zai zuba dala biliyan 60 cikin shekara 10 a wuraren wasansa da jiragen ruwansa, kuma yake zaune kan dubban ekoki na daji, da na so a ce ya bar kogin ya yi gaba da ginin. Ra'ayina kenan, wataƙila in an gama na gani na so shi, amma ba zan kira shi ƙari ba.

A Animal Kingdom ma haka ake yi yanzu, ɓangaren dinaso ne ake rushewa za a mai da shi na ƙasashen Amurka ta Tsakiya da ta Kudu mai eka 11, an ce 2027. Wurin da ke da eka 580 amma sabon ginin a kan tsohon ake ɗora shi.

Kwana na huɗu muka tsallaka Epic Universe na kamfanin Universal, wanda aka buɗe 22 ga Mayun 2025, sabon babban wuri na farko a Orlando tun 1999. Shi ma za ka ji ana cewa eka 750, wannan ƙasar ce gaba ɗaya har da otal da fakin da filin da aka ajiye don gaba, wurin wasan kansa wajen eka 110 ne, kusan sa'an Magic Kingdom. Tsarinsa ya burge ni, lambu ne dogo a tsakiya da maɓuɓɓugan ruwa, sai duniya huɗu a gefe kowace da ƙofarta guda kamar zaure, in ka shige ba ka ƙara hango sauran, in za ka wata sai ka fito tsakiya tukuna. Hakan na sa kowane ɓangare ya zama kamar gari mai zaman kansa, amma yana ƙara tafiya, ba yanke. Yaran ɓangaren Nintendo, na wasan bidiyo, ya tafi da su, hawa-hawa ne komai na motsi komai na ƙara, ƙaramin fili ne amma an cika shi har sama. Kuma tsakanin ƙofofin za ka lura da guraben da aka bari da gangan, ranar da aka gina su to wannan faɗaɗawa ce da ba mai gardama a kai.

Sai dai a nan tambaya ta uku ta zo min, wadda ban da ita a da. Ƙanin uwargida ya ce "Yaya, to shi wannan gaba ɗayansa ai faɗaɗawa ce, daji aka share." A wajen kamfanin haka ne. A wajen aljihuna kuwa sabon wuri ne mai tikitinsa daban, yana da nisan tafiyar bas daga tsofaffin wurarensu biyu. Tikitin yini ɗaya a garin nan a 2025 da muka je daga dala 100 da ɗoriya ya fara ya doshi 200 a lokacin hutu, ka ninka da mutum bakwai. Don haka ni mai iyali abin da nake kira ƙari shi ne wanda tikitin da na saba saya zai ba ni fiye da abin da ya ba ni bara.

Masu tambayar yadda za su raba kwanaki, in uku gare ku da ƙananan yara ku ba Magic Kingdom biyu Animal Kingdom ɗaya, kar lambar eka ta ruɗe ku. In yaran sun tasa, Magic Kingdom ɗaya, Hollywood Studios ɗaya, Epic Universe ɗaya. Epcot na manya ne masu son yawo da ɗanɗana abinci, ni ina son shi, autana bai so ba. A wuraren Disney ana barin mutum ya shiga da abincinsa in ba a kwalba yake ba, mu uwargida dambun nama da burodi da dafaffen ƙwai da dabino take ɗaura mana, ya rage mana kashe kuɗi da tunanin halal, kuma yawancin wuraren sayar da abinci in ka nemi ruwan sanyi a kofi kyauta suke bayarwa. Ma'aikatan suna da fara'a da haƙuri da yara, tsafta kuma ba magana. Ku je da takalmin da kuka saba da shi ba sabo ba, ranar Florida ko a Nuwamba tana da zafi da tsakar rana. Otal ɗin da muka sauka a wajen gari ya rubuta minti 10 ne zuwa ƙofa, da safe sai da muka yi kusan 40, don haka ku duba taswira da kanku kafin ku biya.

Wajen sallah a Magic Kingdom wannan karon sai da muka ɗan yi yawo kafin mu samu, daga ƙarshe wata siririyar hanya muka bi da ke gefen dogon jirgi tsakanin TRON da ɓangaren tantunan yara, ba kowa ke bin ta ba, akwai ɗan faɗi a gefe da inuwa. Nan muka yi, ni da ƙanin uwargida, jirgin ƙasan ya zo ya wuce muna zaman tahiya.